Mun Kai Kunyar Hajiya Binta Holan

Tun da na dawo bakina bai huta ba. In na buɗe shago a Fagge, kafin in gama jera turamen atamfa an cika mini benci. Ya Holan? Ya sanyi? Da gaske ne manyan mutane keke suke hawa? Kuma ina kika baro Hajiya Binta? In na koma gida Sabon Gari, matan layinmu su tare ni a ƙofar gida da tambayoyin nan dai. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta gaba ɗaya. Na nemi izinin Hajiya Binta ta waya, ta ce in faɗa amma kada in ƙara gishiri. Na ce mata ni dai ban iya miya lami ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Sikiratu, haihuwar Sabon Gari. Kakana ne ya zo Kano da fatauci daga ƙasar Yarabawa, bai koma ba. Hajiya Binta kuwa 'yar Fagge ce gaba da baya, shagon atamfa ɗaya muke riƙewa tun muna amare. Ni ce bakin shagon, ita ce hankalinsa. 'Yarta ta fari, Hauwa'u, rabin tasowarta a ɗakina ta yi, saboda makarantarta ta fi kusa da gidanmu, kuma saboda uwarta kunyarta take ji.

Wannan kunya ta daɗe tana ba ni mamaki. Mu a gidanmu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, Iya wane, ta amsa tana washe baki. Ita Hajiya Binta tun da ta haifi Hauwa'u ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sai dai “yarinyar nan”. Ba ta yabonta, ba ta kallonta ido cikin ido, in magana ta kama dole sai ta juyo ta faɗa mini ni in isar, ko da yarinyar tana zaune a tabarma ɗaya da mu. Yarinyar nan dai ita ce ta yi karatu har ta ƙare a Holan tana binciken ciwon daji, aka ba ta kujerar farfesa, ta aiko mana mu je mu ga ranar da za ta yi laccar kama aiki.

Ni murna har ta hana ni cin abinci. Na ɗauko mana atamfa 'yar Holan mafi tsada a shagon, muka kai ɗinki. Ranar da muka je gwaji, tela ta fita amsa waya, sai Hajiya Binta ta kama hannuna ta ɗora a gefen mamanta na hagu. Na ji wani ƙululu, tauri gare shi, bai kai goro ba.

“Tun yaushe?”

“Tun kafin azumi.”

“Kin je asibiti?”

“In mun dawo.”

“Hajiya, 'yarki fa aikinta ke nan.”

“Da wane baki zan yi mata maganar mama? Kuma ba zan ɓata mata taro ba. Ki yi mini alkawari ba za ta ji daga bakinki ba.”

Na yi alkawarin, don na san in na ƙi ma fasa tafiyar za ta yi. Amma na ƙudura a raina cewa ba za mu hawo jirgin dawowa ba sai Hauwa'u ta sani, ko ta wace hanya.

A filin jirgin Kano aka fara. Na ɗaura goggorona na ashoke, ya tashi sama kamar zan je ɗaurin aure, sai wata ma'aikaciya ta ce sai ta lalube shi. Na ce 'yar nan, kin san wahalar da na sha kafin ya tsaya haka? Ta lalube shi dai, ya kwanta gefe guda, haka na shiga jirgi kamar wadda aka mara. Inda muka sauya jirgi kuma muka haɗu da matattakalar nan mai tafiya da kanta. Ni na taɓa hawanta a Makka, na taka da gadara. Hajiya Binta ma ta taɓa, amma ta ce waccan a ƙasa mai tsarki take, wannan ba ta san ta ba. Ta tsaya tana bisimilla, layi ya taru a bayanta, har wani dattijo fari ya miƙo mata hannu. Ta dubi hannun, ta dube shi, ta kama gefen mayafina. Muka hau tare muna tangaɗi, ni ina dariya har da hawaye.

Da muka sauka Holan, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatin Hajiya Binta ya ƙi tashi. Jami'in kwastan ya ce mu buɗe. Ya ɗago ƙullin daddawa, ya shinshina, ya ja baya da sauri, ya tambaye ni ko abin ya lalace ne. Na ce masa da Turancina na Sabon Gari yanzu ma ya yi daidai. Kuka da kuɓewa busasshiya suka wuce, daddawa ma ta wuce bayan an yi shawara a kanta. Amma kilishi da dambun nama ya ce ba a shiga musu da nama. Dambun nan Hajiya Binta da hannunta ta yi shi, ta ƙi yarda kowa ya taya ta, kuma kowa ya san don wa ta yi. Na yi magiya, na ce uwar farfesa ce, ya ce yana taya ta murna, ya jefa robar a kwandon shara. Hajiya Binta ta rufe akwatinta. Ni na ji zafin abin har cikin raina.

Muna fitowa na hango Hauwa'u. Na saki akwati na ruga, muka rungume juna muna tsalle a gaban Turawa. Sannan ta gyara tsayuwa, ta durƙusa har ƙasa a kan tayil ɗin nan mai sanyi.

“Hajiya, sannu da hanya.”

Hajiya Binta ta dubi akwati. “An same ku lafiya?”

Shi ke nan gaisuwar uwa da 'yar da suka yi shekara da shekaru ba su haɗu ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi a tafiyar nan, kuma 'yan kasuwa ku saurara. Rayuwata kaf atamfar Holan nake sayarwa. Da bakina na sha gaya wa masu saye cewa wannan ita matan Holan suke ɗaurawa ranar sallarsu. A jirgin ƙasa daga filin jirgi na manne fuskata a taga ina jiran in ga sabon yayi kafin ya iso Kano. Ban ga mace ko ɗaya da atamfa ba. Kowa baƙar riga, baƙin wando, kamar garin gaba ɗaya ana zaman makoki. Na tambayi Hauwa'u ina masu atamfar, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Iya, ai don ku suke yi. Da yawansu ba su ma san da ita ba.” Wata mata a kujerar gaba ta shafa hannun rigata ta ce kyakkyawa ce, daga wace ƙasa? Na ce daga ƙasarku. Ta ɗauka wasa nake yi.

Keke kuwa gaskiya ne. Tsoho da keke, mai ciki da keke, wata na gani da yara a cikin akwatin katako a gaban kekenta kamar mai tallan doya. Suna da hanyarsu daban, ja, ni kuma na ɗauka don masu tafiya a ƙasa aka shimfiɗa ta. Na sha ƙararrawa a ranar farko har na fara ɗaga musu hannu ina amsawa. Gidan Hauwa'u siriri ne, matattakalarsa a miƙe kamar tsani, Hajiya Binta da baya take saukowa. Tagoginsu manya, ba labule, kana wucewa kana ganin mutum yana cin abincinsa. Kafin mu kwana biyu Hajiya Binta ta rataya zanenta a tagar falo.

Abincin rana burodi ne da cuku, da madara mai sanyi, babban mutum da gemunsa ya ci wannan ya ce ya ƙoshi. Maƙwabciyar Hauwa'u ta gayyace mu shan shayi, sai da aka sa rana tukuna kamar biki. Ta buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta rufe ta mayar kan kanta. Na bi gwangwanin da kallo har ya shige. A bakin kasuwa kuma Hauwa'u ta sa na ɗanɗana ɗanyen kifi da albasa, wanda ake kamawa ta jela a ɗaga kai a zura. Na zura. Ba zan ce komai a kansa ba, don na yi alkawarin ba zan zagi abincin mutane ba. Ranar muka tuƙa tuwo da miyar kuka, daddawar da ta tsallake kwastan ta cika unguwar da ƙamshi.

Duk wannan dariyar, abin nan yana raina. In Hauwa'u ta zauna da mu sai in fara kewaye-kewaye. In ce, “Ni kam Hauwa'u, mace in ta kai shekarunmu, me ya kamata ta riƙa dubawa a jikinta?” Kafin ta amsa sai in ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Hajiya Binta ba ta da ƙiba, amma ƙafarta akwai nauyi.

Ranar lacca muka sha anko, na ɗaura goggoron da ya fi na Kano tsayi. Ɗakin taron tsoho ne, kamar coci. Wani mutum ya shigo da sanda mai ƙyalli, farfesoshi suka biyo shi a jere cikin baƙaƙen alkyabbu da huluna, kowa ya miƙe. A cikinsu na ga Hauwa'u, yarinyar da na sha yi wa kitso tana kuka, da alkyabbarta a kan doguwar rigar atamfa. Ta hau mumbari ta yi ta bayani da Turanci, hotuna suna wucewa a bango, ɗigo-ɗigo ja da shuɗi. Ban fahimci rabi ba, amma na ga yadda tsofaffin nan suke gyaɗa kai. Can ƙarshe ta sauya murya, ta ce tana godiya ga mata biyu da suka zo daga Kano, wadda ta haife ta da wadda ta goya ta.

Ni ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. A Fagge na koye ta, kuma ban taɓa yin mai tsawon ta ranar ba. Ɗakin ya yi tsit. Mai sanda ya juyo. Sai wani tsohon farfesa ya fara tafi, kowa ya ɗauka. Na waiga in ga Hajiya Binta, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, kamar ita aka kama da laifi.

Ashe da sauran aiki. Al'adarsu ita ce in mutum ya yi abin kirki, danginsa ake bi ɗaya bayan ɗaya ana taya su murna. Aka yi layi a gaban Hajiya Binta. Tsohon farfesan nan mai tafi ya ce in tambaye ta ko tana alfahari da 'yarta. Na fassara. Ta dubi ƙasa ta ce, “Ki ce masa Allah ya shirye ta.” Na juya na ce masa ta ce duk duniya ba uwar da ta kai ta farin ciki. Ya dafa ƙirji. Haka muka yi ta yi, tana ba ni tsakuwa ina miƙa musu alewa, har layin ya kusa ƙarewa.

Ta ƙarshe a layin wata baƙar mace ce mai jiki, da ɗankwali. Ta yi mana sallama da Hausa, irin ta mutanen Gana. Sunanta Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, ta daɗe a Holan tana aiki. Ta kama hannun Hajiya Binta da hannu biyu ta ƙi saki.

“Ke ce maman farfesa? Ni ciwon mama ya kama ni. Likita na ya ce da can magani ɗaya ake ba kowa, wani ya yi aiki, wani bai yi ba. Yanzu sai sun duba naman ciwon tukuna su ga irin nasa. Ya ce mu baƙaƙen mata ba a cika bincike a kanmu ba, sai da irin su ɗiyarki suka tashi. Ga ni nan, na aurar da ɗana bara. Na ce sai na zo na ga wanda ya haife ta.”

Na buɗe baki in fassara, sai na tuna ba abin fassarawa. Hajiya Binta ta ji da kunnenta. Ba ta ce Allah ya shirye ta ba. Ta dai tsaya tana kallon matar, har aka zo aka ja mu wajen hoto.

Washegari Hauwa'u ta kai mu wurin aikinta. Aka ba mu fararen riguna muka ɗora a kan atamfa, na ce a ɗauke ni hoto a tura wa 'yan layinmu su san na zama dakta. Ta nuna mana wata na'ura mai girman firjin sayar da lemo, tana ta gurnani a hankali. Ta ce jikin mutum cike yake da wasu ƙananan abubuwa da ake kira furotin, iri dubbai, su ne ma'aikatan da suke tafiyar da komai. In ciwon daji ya shiga, wasu su yi yawa, wasu su ɓace, wasu su sauya hali. Na'urar tana karɓar ɗan naman ciwo ko ɗigon jini, ta warware shi kamar yadda muke kwance dilar atamfa mu ga kalolin da ke ciki. Daga nan ake gane wane irin ciwo ne, da maganin da zai fi jin tsoro. Ta ce burinta a kai ga gane shi tun yana ƙarami.

Sannan ta buɗe wani firji, hayaƙin sanyi ya fito. Ƙananan kwalabe ne a jere cikin akwatuna. Ta ce waɗannan daga asibitocin gida aka aiko su, da yardar masu su. Muryarta ta sauka.

“Iya, abin da yake ci mini rai ke nan. Yawancin matan nan sai da abu ya ci jiki suka je asibiti. Wata kunya, wata tsoro, wata tana jiran a gama biki. In na duba nasu a na'ura, na san abin da ya kamata a yi, amma lokaci ya wuce. Da da wuri suka zo, da yawansu suna nan.”

Na ji kamar in fashe. Alkawari ya riƙe mini harshe, na dafe bakina da hannu. Can Hajiya Binta ta juyo gare ni, ta ba 'yarta baya kamar yadda ta saba.

“Sikira, tambaye ta. In abin bai kai goro ba, yana cikin na da wuri?”

Hauwa'u ta rufe firjin a hankali. Ta dube ni, na kasa riƙe hawaye, ta gane. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta rungume uwarta, amma 'yar Hajiya Binta ce. Ni ta fuskanta.

“Iya, ki tambaye ta wane gefe ne, kuma tun yaushe.”

“Ki ce mata hagu. Tun kafin azumi.”

“Iya, ki ce mata ni ba likitar asibiti ba ce, amma na san wadda za ta duba ta. Gobe da safe za mu je. Ki ce mata ba shawara nake ba ta ba.”

“Ki ce mata na ji.”

Ina tsaye a tsakiyarsu da farar riga da goggoro, ban isar da ko kalma ɗaya ba, kuma ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

A asibiti aka yi mata hoton maman, aka ɗebi ɗan naman da allura, muka yi zaman jira wanda ba na fatan maƙiyina ya yi. Sakamako ya fito, ciwon ne. Amma likitar, wata doguwar mata da ta daɗe tana aiki da Hauwa'u, ta ce an zo a kan lokaci, bai bazu ba. Ta ce za a cire shi, a duba furotin ɗinsa, sannan a zaɓi maganin da ya dace da shi. Na ce wa Hajiya Binta to ga shi, ke ma za ki shiga na'urar yarinyar nan. Ta ce in rufe mata baki.

Ranar aikin muna zaune a gefen gadonta lokacin da maganin barci ya fara sakinta. Hauwa'u ta ɗan fita ɗebo ruwa. Hajiya Binta ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni, ta dubi ɗayar kujerar ta ga ba kowa. Ta fara laluben gefen gado da hannu.

“Hauwa'u,” ta ce. “Ina Hauwa'u?”

Daidai nan yarinyar ta kawo bakin ƙofa. Ta tsaya cak da kofin ruwa a hannu. Farfesa guda, da furfurarta ta fara fitowa, ranar ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta zo ta durƙusa ta sa kanta a tafin hannun nan mai lalube.

“Na'am, Hajiya. Ga ni.”

Ni dai na fita na ba su wuri, na je na yi kukana a gaban wata na'urar sayar da shayi.

Bizata ta kusa ƙarewa, shago kuma ba kowa, shi ya sa na dawo ni kaɗai. Hajiya Binta tana can tana karɓar magani, tana samun sauƙi, har ta fara faɗan an bar mata shago da ƙura. Da muka yi waya na tuna mata abin da na ji da kunnena a asibiti. Ta ce ita ba ta san zancen ba, maganin barci ne. Na ce to, Allah ya ƙara mana irin wannan magani. Sai na ji ta ɗan yi nisa da wayar, tana magana ƙasa-ƙasa da wani a ɗakin.

“Hauwa'u, zo ki karɓi Iyarki, ta ishe ni da surutu.”